Malaman Yoga: Daga Bakin Titi Zuwa Fadar Sarki Da Hollywood

Mai karatu, in ka taɓa shiga gidan kallo a Dawanau da daddare, bayan kasuwar hatsi ta tashi, 'yan dako da 'yan awo sun cika benci ana kallon Indiya-Hausa, to da wuya a ce ba ka ga 'Baahubali' ba. Ka tuna Devasena, gimbiyar nan gwanar harbi da baka, wadda mugun sarki ya ɗaure da sarƙa har shekara 25? Jarumar da ta hau wannan matsayi ita ce Anushka Shetty. Kafin ta fara fim a 2005, koyar da yoga ce sana'ar ta. Malamin da ya koya mata, Bharat Thakur, shi ne ya auri Bhumika Chawla, yarinyar nan da Salman Khan ya mace a kan ta a cikin 'Tere Naam'.

Mu dai a nan a fim mu ka fara ganin yoga, tun zamanin da ake layin tikiti a sinimar Plaza, Orion da El-Dorado a Kano. Za a hasko wani tsoho mai gemu buzu-buzu, ba riga, ya tanƙwashe ƙafa a bakin kogo, ido a rufe. Nan take sai ka ji 'yan kallo sun ɗauka: "Ga boka nan!" To, yaya aka yi aikin wannan "boka" ya zama sana'ar 'yan boko, har wasu su ka yi arziki da ita, wasu kuma ta kai su gaban alƙali? Labarin bai fi shekara ɗari da 'yan kai ba, kuma mafi yawan sa ta hannun mutum ɗaya ya ratsa. Gyara zama.

Kafin kuɗi su shigo

Kalmar yoga daga harshen Sanskrit ta fito, kuma asalin ta ɗaya da sunan karkiyar da ake ɗora wa shanun noma a wuya. Wato a haɗa zuciya da jiki wuri guda, kamar yadda manomi ke haɗa bijimai biyu su ja garma. Littafin da aka fi dogaro da shi, na wani malami Patanjali, ya haura shekara 1,500, kuma yawancin sa magana ce a kan tsayar da tunani. Batun lanƙwasa jiki kaɗan ne ƙwarai a ciki. Malaman Musulmi ma sun san da shi tun tuni, domin Al-Biruni ya fassara shi zuwa Larabci a farkon ƙarni na 11. A ƙarni na 16 kuma wani shehin Sufaye na garin Gwalior, Muhammad Ghaus, ya rubuta 'Bahrul Hayat' da Farisanci, inda ya bayyana irin zaman da masu yoga ke yi. Kwafin littafin mai zane-zane an yi shi ne domin Yarima Salim, wannan dai Salim ɗin da Dilip Kumar ya fito a matsayin sa a 'Mughal-e-Azam'.

A wancan zamani ba a biyan kuɗin makaranta. Yaro zai tare a gidan malami, ya yi shara, ya ɗebo ruwa, ya yo itace, shekara da shekaru, malam na tsakura masa ilmi gwargwadon ladabin sa. In ka ce almajirci ba ka yi nisa da gaskiya ba. Ranar sallama sai malam ya faɗi tukuicin da ya ke so, ɗalibi ya cika.

Sai dai martabar su ta faɗi warwas a zamanin Turawa. A ƙarni na 18 wasu ƙungiyoyin masu gudun duniya na Indiya su na da makamai, su na fatauci, har su ka gwabza da Turawan Ingila a yankin Bengal. Da aka murƙushe su, da yawa su ka koma bara da wasan bajinta a bakin titi: wannan ya kwanta a kan ƙusoshi, wancan ya ɗaga hannu sama ya ƙi saukewa, 'yan kallo na jefa masu kwabbai. 'Yan bokon Indiya har kunyar su su ke ji.

Malamin malamai

A wannan yanayi aka haifi Tirumalai Krishnamacharya, ran 18 ga Nuwamba, 1888, a wani ƙauye a ƙasar Mysore da ke kudancin Indiya. Mahaifin sa malamin littattafan addinin Hindu ne, ya rasu yaron na ɗan shekara 10. Ya yi yawon neman ilmi har Banaras. Shi da bakin sa ya ce ya yi shekara bakwai da rabi a wajen wani malami a tsaunukan Tibet, kodayake masu binciken tarihi na da ja a kan wannan tafiya. Tukuicin da ya ce malamin ya nema shi ne abin lura: ya koma gida ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya riƙa koyar da yoga. Ka ga an juya al'ada ke nan. A da mai yoga gudun duniya ya ke yi, yanzu an ce ya zama magidanci mai sana'a.

Sana'ar ba ta karɓe shi da wuri ba. Ya yi aure a 1925, talauci ya sa shi gaba, har sai da ya kama aiki a gonar kofi. In ya samu sarari ya kan bi garuruwa ya na lacca, ya na nuna bajinta don jan hankalin mutane: ya ɗaga kaya mai nauyi da haƙori, ya riƙe numfashi har a ce bugun jijiyar sa ya tsaya. Mai nema ya na tare da samu. Sarkin Mysore, Krishnaraja Wadiyar na IV, ya jawo shi jiki, kuma a 1933 aka buɗe masa makaranta a fadar Jaganmohan.

Ɗaliban sa na farko samari ne masu jini a jika, da yawan su 'yan gidan sarauta. Don haka sai ya tsara masu darasi mai zafi, ana fita daga wannan tsayuwa a faɗa waccan ba hutawa, numfashi na tafiya tare da motsi. Masana irin su Mark Singleton sun nuna cewa ya ɗebo wasu abubuwa daga atisayen 'yan kokawar Indiya da kuma motsa jikin da Turawa su ka shigo da shi makarantu da barikin soja. Kaso mai tsoka na abin da ka ke gani yau a talbijin da sunan yoga, daga wannan ɗaki ya samo tushe.

Amma zaman inuwar fada ba ya ɗorewa. Sarkin ya rasu a 1940, Indiya ta samu 'yanci a 1947, sarakuna su ka rasa iko, kuma zuwa 1950 an rufe makarantar. Malam ya haura shekara 60, ga iyali, ba albashi. Ya koma Madras, wadda yanzu ake kira Chennai, ya shiga koyar da mutane ɗai-ɗai, galibi marasa lafiya. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza: mutumin da aka sani da tsawa ya koma mai lallashi, ya na auna wa kowa darasi daidai ƙarfin sa. Ya rasu a 1989 ya na da shekara 100, bai taɓa taka Turai ko Amurka ba, bai kuma bar wata dukiyar a-zo-a-gani ba. Ɗaliban sa ne su ka kwashi garaɓasar.

Yaro mai tarin fuka

Na farko ƙanen matar sa ne, B.K.S. Iyengar. An haife shi a 1918, shi ne na 11 cikin 'ya'ya 13 na wani talakan malamin makaranta. A cikin cuta ya tashi: zazzaɓin cizon sauro, taifot, tarin fuka. A 1934 mijin yayar sa ya kira shi Mysore, amma bai ɗauke shi a bakin komai ba. Iyengar ya sha ba da labarin ranar da malamin ya tilasta masa ya ware ƙafafu har ƙasa a gaban baƙi, jijiyar cinyar sa ta yage, ya daɗe ya na jinya. A 1937, ya na ɗan shekara 18, aka tura shi Pune ya koyar, ga ƙarancin Turanci, ga ɗalibai da su ka fi shi ƙarfi su na yi masa kallon raini. Wasu ranakun ko abin da zai ci babu.

Ɗan hakin da ka raina! Da ya ke ya san ciwo a jikin sa, sai ya shiga neman dabarar da marar ƙarfi ma zai iya: a tokare da guntun katako, a ja da ɗamara ko igiya, a jingina da kujera ko bargo. Yau da wuya ka shiga makarantar yoga ba ka ga waɗannan kaya ba. Ƙofa ta buɗe masa a 1952, lokacin da aka haɗa shi da shahararren makaɗin gogen Turawa, Yehudi Menuhin, a Bombay. Ganawar da aka shirya ta 'yan mintoci ta koma ta sa'o'i. Menuhin ya gayyace shi Suwizalan a 1954, daga nan sai Landan da sauran birane. Littafin sa 'Light on Yoga' na 1966, mai hotuna kusan 600, ya zama kamar ƙamus ga masu wannan harka. A 1975 ya buɗe cibiyar sa a Pune, ya raɗa mata sunan marigayiya matar sa Ramamani. Ya rasu a 2014, 'ya'yan sa da jikar sa su ka ci gaba da riƙe gidan.

Jarumar da ta koma malama

Ta biyu ita ta fi kusa da mu masu sha'awar fim. Sunan ta na yanka Eugenie Peterson, an haife ta a Riga a 1899, lokacin garin na ƙarƙashin daular Rasha. Juyin-juya-halin 1917 ya kore su ita da mahaifiyar ta, su ka ƙare a Berlin, inda ta zama 'yar wasan daɓe da rawa. A 1927 ta hau jirgin ruwa zuwa Indiya, ta ɗauki sunan Indra Devi, kuma a 1930 ta fito a fim ɗin 'Sher-e-Arab' tare da Prithviraj Kapoor, mahaifin su Raj Kapoor, wanda Kareena ke tattaɓa-kunnen sa.

Da ta nemi Krishnamacharya ya koya mata, cewa ya yi sam: ga ta mace, ga ta Baturiya. Sai da Sarki ya sa baki sannan ya karɓe ta a 1938, ya gindaya mata sharuɗɗa masu tsanani a kan abinci da lokacin tashi, ko za ta gudu. Ba ta gudu ba. Da ya ga haka sai ya koyar da ita haiƙan, ya kuma ce ita ma ta je ta koyar. Ta fara a Shanghai ta ƙasar Sin, inda aka tura mijin ta aikin jakadanci, sannan a 1947 ta nufi Amurka, ta buɗe makaranta a Hollywood. Ta san halin 'yan fim, ta san abin da ke hana su barci: tsufa, ƙiba da gajiya. Sai ta tallata yoga a matsayin maganin waɗannan. Taurari irin su Greta Garbo da Gloria Swanson su ka zama ɗaliban ta, matan Amurka kuwa su ka bi sahu. Abin da aka fara da samari zalla a fadar Mysore, yau mata ne su ka fi yawa a cikin sa a Turai da Amurka. Ta ƙare rayuwar ta a Ajantina, ta rasu a 2002 ta na da shekara 102.

Kuɗi da abin kunya

Na uku, K. Pattabhi Jois, yaro ne da ya gudo daga gida zuwa Mysore da rupi 2 a aljihu. Ya yi fiye da shekara 30 ya na koyarwa a kwalejin Sanskrit a kan ɗan albashi. Ya fara zuwa Amurka a 1975, tsarin sa mai suna Ashtanga ya karɓu har wajen mawaƙa irin su Madonna da Sting. Ya rasu a 2009 ana girmama shi kamar uba. Amma daga 2017 mata da dama su ka fito su ka bayyana cewa ya riƙa taɓa su ta hanyar da ba ta dace ba da sunan gyara masu tsayuwa, a gaban jama'a, kowa ya yi gum saboda kwarjinin malam. A 2019 jikan sa Sharath, wanda ya gaji makarantar, ya fito ya ba da haƙuri.

Na Bikram Choudhury ya fi ƙamari. Shi ba ɗalibin Mysore ba ne, mutumin Kalkata ne da ya sauka Amurka a farkon shekarun 1970, ya kafa makaranta a unguwar taurari ta Beverly Hills. Ya haɗa tsayuwa 26 da ake yi cikin minti 90 a ɗakin da aka ɗumama ya kai digiri 40, wato kamar tsakar ranar Kano a watan Afrilu. Ya gano cewa masu son zama malamai sun fi ɗalibai kawo kuɗi, sai ya buɗe kwas na mako 9 da ke cin dala dubu 10 ko fiye a kan mutum ɗaya, kuma ɗaruruwa ke zuwa. Ya tara motocin Rolls-Royce da Bentley. Mata da dama sun kai ƙarar sa bisa zargin cin zarafi da fyaɗe, ya musanta. A 2016 kotu ta ce ya biya tsohuwar lauyar sa diyyar fiye da dala miliyan 6, ya bar ƙasar bai biya ba, aka ba da sammacin kama shi a 2017.

A gida Indiya kuwa, talbijin ce ta yi wa Baba Ramdev rana. Ɗan manomi ne daga jihar Haryana. Daga 2003 tashar Aastha ta riƙa nuna darasin sa na asuba, miliyoyi na bi daga ɗakunan su. A 2006 shi da abokin sa Balkrishna su ka kafa kamfanin Patanjali, mai sayar da kaya tun daga man goge baki har magani. A 2024 Kotun Ƙolin Indiya ta sa su ka nemi afuwa a jaridu saboda tallan da ke cewa magungunan su na warkar da cututtuka irin su ciwon suga da hawan jini. In ka saba jin lasifikar masu magani a bakin kasuwa, labarin ba zai zame maka baƙo ba.

Sana'ar a yau

Waɗannan su ne manyan. Malamin yoga na gama-gari fa? A 1999 aka kafa ƙungiyar Yoga Alliance a Amurka, ta tsayar da awa 200 a matsayin mafi ƙarancin horon da mutum zai samu kafin a yi masa rajista. Wato abin da su Jois su ka yi shekaru su na nema a gaban malami, yanzu cikin wata guda a garin Rishikesh ko Goa za a miƙa maka satifiket. Malamai su ka yi yawa. Galibin su a kan kowane darasi ake biyan su, su yini su na zirga-zirga daga wannan makaranta zuwa waccan, ba fansho, ba hutun jinya. Shi ya sa da yawa ke haɗawa da wata sana'ar, ko su tsallaka in dama ta samu, kamar yadda Anushka ta yi.

Gwamnatoci ma sun shigo. A Disamba 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da buƙatar Indiya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya. A ƙasashen Musulmi ra'ayi ya bambanta. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda abin da ta ƙunsa na ibadun Hindu, daga baya firaministan ƙasar ya ce ana iya yin motsa jikin in babu ambaton. A Saudiyya kuwa, a 2017 hukuma ta amince da koyar da ita a matsayin motsa jiki, bayan fafutukar wata malama, Nouf Marwaai. Hukuncin wannan a wajen mu aikin malamai ne, ba na mujallar fim ba.

Mu dawo Dawanau

Ɗan dakon da ya yini ya na sauke buhunan riɗi da wake ba ya buƙatar wani ya koya masa motsa jiki. In ma akwai abin da ya ke nema, to maganin ciwon baya ne. Amma tarihin nan ya shafe mu ta wata fuskar, domin mu ma kusan duk sana'ar mu a hannun ubangida ake koyon ta: ɗan dambe a wajen tsohon ɗan dambe, makaɗi a bayan makaɗi, mai kyamara da jarumi a ofishin furodusa. Tsarin na da albarka, shi ya mai da yaro mai tarin fuka ya zama Iyengar. Shi ne kuma ya sa aka yaga masa jijiya bai iya cewa uffan ba, shi ya sa ɗaki cike da mutane ya yi shiru ana cin zarafin mata. Duk inda aka ce malam ba ya kuskure, kuma a hannun sa kaɗai takardar shaida ko matsayi a fim ya ke, to yaro da yarinyar da su ka zo nema su na cikin haɗari. Iyayen da ke miƙa 'ya'yan su ga ubangida, a Kano ne ko a Mumbai, ya kamata su riƙa leƙawa su na tambaya.

Sannan ga batun tsufa. Krishnamacharya ya yi shekara 17 a makarantar fada, rana ɗaya aka rufe ƙofa. Mu ma mun sha ganin jaruman da su ka cika allo a shekarun baya, daga bisani ana yi masu karo-karon kuɗin asibiti. Wanda jikin sa ne jarin sa, ko fuskar sa, ko muryar sa, ya tanadi abin da zai riƙe ranar da jikin ya ce ya gaji. Iyengar littafi ya rubuta, ya gina makaranta, ya horar da magada. Shi ya sa gidan sa ke buɗe har yau a Pune.

Don haka in an sake sa 'Baahubali' a gidan kallo, Devasena ta ja baka ta saki kibiya uku a lokaci guda, ka lura da yadda ta ke kafa ƙafa ta miƙe baya. Sai ka zunguri na kusa da kai a benci ka gaya masa cewa wannan da ya ke gani tsohuwar malamar yoga ce.